Tudun Yashin Bayan Maƙabarta

Mutum arba'in da ɗaya suka rage a tsibirin, goma sha tara daga cikinsu suka zo taron da aka kira a tsohuwar makaranta. Tormod ya zauna kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Shekararsa sittin da takwas, tumakinsa saba'in, kuma tun zamanin kakansa a tudun yashin bayan maƙabarta suke kiwo in sanyi ya shigo.

Peigi, ƙanwar marigayiya matarsa Seonag, ita ke shugabantar kwamitin tsibiri. Ta ce tumaki sun cinye ciyawar da ke riƙe yashin, teku kuwa kowace shekara sai ta gutsuri tudun. Ana so a killace wurin shekara goma, a dasa sabuwar ciyawa. Amma fa sai duk mai haƙƙin kiwo ya sa hannu.

"Shekara goma," in ji Tormod. "Su ci me? Takardunki?"

"Gwamnati za ta ba da abincin dabbobi, Yaya."

"Ta fara gyara mana jirgin fito tukuna."

Ruairidh mai kamun ƙaguwa ya ce, "Rabu da shi, Peigi. Duk tsibirin nan tumakin ne kaɗai ke sauraronsa, shi ya sa ba ya so a ɓata musu."

Aka yi dariya, har shi Tormod ɗin. Amma bai sa hannu ba, magana ta mutu.

A watan Janairu, wata uku bayan taron, iska ta taso daga yamma, ta kwana uku ba ta lafa ba. Da safiyar rana ta huɗu Ruairidh ya ƙwanƙwasa wa Tormod ƙofa. Bai shigo ba, bai kuma yi zolayar da ya saba ba.

"Sa takalminka, mu je."

Rabin tudun ya tafi. Katangar maƙabarta ta bi shi, tare da kaburbura shida na kusurwar yamma. Na Seonag shi ne na biyu daga katanga. Dutsen da ke ɗauke da sunanta yana kife a ƙasa, yashi ya rufe rabinsa.

Kwana biyu mutanen tsibirin suna bin gaɓa da buhuna, suna tsintar abin da teku ta dawo da shi. Tormod ya tsinci katako uku da mariƙin akwatin gawa guda, bai san ko na wa ba ne. Ba wanda ya ɗora masa laifi. Peigi ta kawo masa shayi da burodi, ta ajiye, ta tafi. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Injiniyan da aka turo ya zagaya wurin ya ce, "Baba, ko da an killace, da wuya ciyawar wata uku ta tare wannan iska."

"Da wuya ka ce. Ba ka ce ba za ta yiwu ba."

Injiniyan ya juya ya ci gaba da duba tudun.

Da bazara Tormod ya sayar da tumakin, ya sa hannu, ya durƙusa cikin masu dasa ciyawa har gwiwoyinsa suka kumbura. Kafin shekara ta zagayo teku ta kwashe sulusin abin da suka dasa. Kwamiti ya yanke shawarar mayar da sauran kaburburan kan tsauni, bayan coci. Kowane gida suka raka nasu. Tormod da Peigi, da ba su da gawar da za su raka, suka ɗora dutsen kabarin Seonag a tarakta, suka bi sahu.