Mai Gadin Gidan Ƙanƙara

Sai a bugu na huɗu kwaɗon ya ɓalle. Maharazu mai walda ya yar da gudumar, ya sa kafaɗa ya tura get ɗin gidan ƙanƙarar, ƙarfen ya ƙona shi ta cikin riga kamar an manna masa dutsen guga. Inna Zinariya ta riga shi shiga, ƙwaryar furar da ta kawo wa mijinta tana hannunta.

Baba Kalilu na kwance rub da ciki a kan siminti, dab da famfo, hularsa ta gangara gefe. Famfon kuwa a rufe yake cikin wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, yatsun tsohon duk sun ɗaye wajen ƙoƙarin ɓamɓare murfin. Maharazu ya san akwatin sarai. Shi ya ƙera shi, ko mako biyu ba a yi ba.

"Malam! Malam, ni ce. Buɗe ido ka gan ni," in ji Inna Zinariya.

Maharazu ya birkito shi. Jikin zafi zau, ba ɗigon gumi, leɓɓansa sun tsattsage. Ya saɓa shi a kafaɗa ya fita titi yana ƙwala wa masu a-daidaita-sahu kira.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Maharazu da na Baba Kalilu, can wajen gari a hanyar da ta fita Kongolam. Tun Maharazu bai san kansa ba yake ganin tsohon. Da, korar shanu yake yi wa fatake daga Mai'adua zuwa Daura a ƙafa, da gwiwa ta gaza sai ya koma gadi a gidan ƙanƙarar Alhaji Suhaibu. Shi ya yi wa mahaifin Maharazu wanka ranar da ya rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tsohon ba shi da ɗa a raye. Abin da yake da shi, Zinariya ce da wata 'yar rediyo da aka ɗaure da roba.

A bazarar nan kullum da safe sai ya tsaya ƙofar shagon Maharazu da labari.

"Ka ji na yau? An ce a Mali an yi zafin da tun da suka fara aunawa ba su taɓa gani ba. Ƙasar Larabawa kuma, inda ko ciyawa ba ta fita, ruwa ne yake cin motoci. Duniyar nan ta birkice, Maharazu."

"Baba, mu dai namu ya ishe mu."

"Namu ma ai yana cikin lissafi, ba a dai faɗa ne."

Gaskiya ya faɗa. Tun da aka sha ruwa aka yi Sallah, rana ta ƙi sassautawa. Kaji suna mutuwa a akurki, kwalta tana kama takalmi, rijiyoyin unguwa suka koma taɓo. Matan unguwa suka fara zuwa get ɗin gidan ƙanƙara da bokitai, Baba Kalilu yana buɗe musu famfo. Ran nan Alhaji Suhaibu ya tarar da layi har bakin titi. Bai yi faɗa ba. Washegari ya aika aka kira Maharazu, ya ce a yi wa famfon akwati, a kuma liƙa wa get ɗin wurin maƙala kwaɗo ta waje.

"Saboda ɓarayi," in ji shi.

Maharazu ya san mai gadi daga ciki yake kulle wa ɓarayi ƙofa. Amma aiki ne ya zo, ya yi waldarsa mai kyau, har ya shafa fenti.

Ranar da abin ya faru, Alhaji ya loda ƙanƙara da sassafe, ma'aikata suka watse, ya bar wa tsohon buta ɗaya ta ruwa, ya garƙama kwaɗo ta waje a kan zai dawo kafin hantsi. Daga Kongolam sai ya zarce ɗaurin aure a Dutsi. Filin gidan siminti ne zalla, ba bishiya ko ɗaya. Ɗakin gadin kuma na kwano ne sama da ƙasa, babu taga. Wayar Baba Kalilu ta kwana uku ba caji. Sai bayan azahar Inna Zinariya ta zo da fura, ta buga ta buga shiru, ta durƙusa ta leƙa ta ƙarƙashin get, ta hango tafin ƙafarsa, ta ruga ta kira Maharazu.

Kwana biyu ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya ja Maharazu gefe ya ce zafin ya taɓa ƙoda, sai addu'a. A rana ta biyu da hantsi tsohon ya buɗe ido. Bai gane kowa ba. Kiran shanu yake yi da sunayensu, shanun da suka shekara talatin da shiga tukunya.

"Kora su gaba, akwai tafki bayan tudun nan. Kar ku bari Fari ta kwanta."

Inna Zinariya tana jiƙa tsumma tana matsa masa a leɓe. Maharazu ya riƙe hannun da ya ɗaye, yana maimaita masa kalmar shahada. Can tsohon ya dube shi tsaf, kamar ya gane shi, ya ce, "Ƙarfen nan naka da ƙarfi yake, ɗana." Har da ɗan murmushi. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

An kai shi da la'asar. Ƙasar maƙabarta ta yi tauri har sai da aka canja masu haƙa sau uku. Maharazu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ba nauyi ko kaɗan.

Washegari ana zaman makoki a ƙofar gida, an kafa rumfar buhu, mutane na fifita da hula, sai ga a-kori-kurar Alhaji Suhaibu. Ya fito cikin farar shadda, ya yi addu'a, ya shafa.

"Kwana ne ya ƙare," in ji shi, yana duban liman. "Zafin bana ai ba Daura kaɗai ba ne, duniya ce gaba ɗaya. Jiya na gani a waya, har a Indiya mutane faɗuwa suke a titi. Wa ya isa ya tare ikon Allah?"

Wasu suka gyaɗa kai. Ya sa aka sauke manyan ƙanƙara guda shida a kan buhu, ya ce sadaka ce, a sanya wa masu gaisuwa a ruwa.

Daga cikin zaure aka ji muryar Inna Zinariya. Mai takaba ce, ba ta fito ba, amma kowa ya ji ta.

"Maharazu, kana nan?"

"Ina nan, Inna."

"Fitar mini da ita daga inuwar mijina. Wanda duk ya sa ta a baki, ban yafe ba."

Maharazu ya tashi ya ja buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiyar titi. Mutane na zaune da busasshen maƙogwaro suna kallon ƙanƙarar tana narkewa, ƙasa tana shanyewa. Alhaji ya gyara hula, ya ce zafin rashi ne, ya shiga mota.

Daga ranar Maharazu bai sake kunna injin walda ba. Ya je wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri har a yi addu'ar uku. Ya yi wa liman magana, liman ya ce a bar wa Allah. In ya ɗauki kofi zai sha ruwa sai ya ga yatsun nan, ya ajiye. Matarsa Rahmatu ta ce, "Wai kai azumi kake yi ne ba ka faɗa ba?" Abin da yake ci masa rai shi ne yadda mutumin ya ɗora wa rana laifin, rana kuwa ba a kai ta ƙara.

Kwana huɗu da rasuwar, wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Suhaibu ne.

"Mai walda, ka fasa mini get ka tafi. Na yi sabon mai gadi, jibi zai fara. Ka zo ka gyara abin da ka ɓata."

Maharazu ya ce, "Wurin kwaɗon, ta waje za a mayar?"

"Yadda yake da."

"To, ranka ya daɗe. Bayan azahar ina tafe."

Ya ɗauki guduma da guntun rodi, bai ɗauki injin ba. Ranar ko tsuntsu ba ya tashi. Ya tarar da Alhaji shi kaɗai, ya fito daga mota, ya bar wayarsa a ciki tana caji.

"Ina kayan aikin?"

"Awo zan fara yi. Amma Alhaji, zo ka ga ɗakin gadin nan, akwai inda kwanon ya buɗe ta ciki, hannu yana iya shiga."

Alhaji ya sunkuya ya shiga yana toshe hanci. Tabarmar Baba Kalilu tana nan a shimfiɗe. Maharazu ya ja ƙofar, ya zura rodin a kunnen sakata, ya lanƙwasa shi da bugu biyu.

"Kai! Wane irin wasa ne wannan? Buɗe!"

Maharazu ya zauna a kan simintin, a cikin ranar, ya jingina gudumar a gwiwa.

"Ka san ko ni wane ne? Wallahi sai ka ruɓe a gidan yari!"

"Na sani."

"Me kake so? Faɗi abin da kake so."

"Ba na son komai. Zafin ai duniya ce gaba ɗaya, Alhaji. Har a Indiya."

Kwanon ya yi ta ƙara, duka da naushi da harbi da ƙafa. Can aka ji ihu, ya taɓa bangon da tafin hannu. Maharazu yana zaune, gumi na shiga masa ido, wani abu mai sanyi yana sauka a ƙirjinsa, abin da rabonsa da shi tun ranar da ya fasa kwaɗon. Bai ji kunyar jin daɗin ba.

Da inuwar katanga ta motsa kamar taki ɗaya, zagi ya ƙare, magiya ta fara.

"Maharazu, don Allah. Ina da hawan jini. Don darajar iyayenka. Mantawa na yi, wallahi mantawa na yi."

"Shi tun safe ne har bayan azahar. Kai ko awa ba ka yi ba."

Can sai muryar ta dawo, a shaƙe, daga ƙasan ƙofar inda ya sa baki yana neman iska.

"Ni na sa kwaɗo. Kai fa? Wa ya ƙera? Ka san ba don ɓarayi ba ne. Ka sani, ka yi."

Maharazu ya miƙe. Ya nufi famfon, ya ɗaga gudumar da hannu biyu ya sauke wa akwatin. Waldar ta ƙi. Ya sake, ya sake, yana kuka yana bugu, har fatar tafinsa ta fashe, kafin murfin ya yi tsalle ya faɗi can. Ya murɗa famfon har ƙarshe. Ruwa ya zubo da ƙarfi yana fantsama a siminti.

"Kana ji, Alhaji? Kana jin sa?"

"Ruwa... Maharazu, ruwa..."

"Haka Baba Kalilu ya dinga jin sa a cikin bututu."

Ya tsaya ruwan na bin ƙafarsa, bai sha ba. Kiran ya yi ta raguwa, ya koma nishi, nishin ma ya ɗauke. Maharazu ya kasa kunne. Ba komai sai ƙarar ruwa da ƙas-ƙas ɗin kwano a rana. Ya ƙirga numfashinsa har goma. Sai ya tuna cewa wani ne zai shiga kabari ya karɓi wannan ma, ya ji ba ya so a ce shi ya aiko shi.

Ya miƙar da rodin, ya buɗe. Hucin da ya fito ya sa shi ja da baya. Alhaji na zube a kan tabarmar, shaddar ta manne da jiki, ya yi fitsari a wando, ido a kakkafe amma yana numfashi. Maharazu ya kama wuyan rigar ya ja shi a ƙasa har gindin famfo, ya sake shi a daidai inda ya tsinci Baba Kalilu. Ruwa ya yi ta dukan fuskarsa. Ya yi tari, ya buɗe baki yana lasa kamar ɗan akuya, yana kuka.

Maharazu ya wangale get ɗin duka biyu. Ya tsayar da wani mai babur ya ce ya kira 'yan gidan Alhaji su kai shi asibiti. Kafin ya kai kwanar layinsu, ya ga mata sun fara fitowa da bokitai.

Bai shiga gidansa ba sai da ya tsaya a zauren Baba Kalilu ya yi sallama. Inna Zinariya ta amsa daga bayan labule. Ya faɗa mata duk abin da ya yi, bai rage ba.

"Ya mutu?"

"A'a, Inna."



"Ya roƙi ruwa?"

"Ya roƙa."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, yana kuka."

"To," in ji ta. Ya ji ƙarar carbinta ta ci gaba.

Ya shiga gida ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya gaya wa Rahmatu inda makullin shago yake, ya ce in 'yan sanda sun zo kar ta yi kuka a gaban mutane. Ta ɗaure masa tafin hannun da tsumma, ta miƙo masa kofi. Wannan karon ya shanye.

Ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida yana duban hanya. An kira la'asar amma titi ba kowa. A gindin katangar da ke tsallake, wata kaza ta tona rami ta kwanta, ta saki fukafukai, baki buɗe, 'ya'yanta uku sun lafe a ƙarƙashinta.