Maganin Gwiwar Kaka

Wata uku ke nan maganin ciwon gwiwar Kaka yana ƙarewa kafin lokacinsa. Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, na wata guda cur, amma kafin a yi kwana ashirin sai ta girgiza kwalbar ta ji wayam.

Ta kai ƙara wurin ɗanta, mai gyaran wutar lantarki, wanda take zaune a gidansa tun rasuwar mijinta. Ko ɗago kai bai yi daga kan fankar da yake kwancewa ba.

"Inna, mantawa kike yi ki sha sau biyu. Girma ne."

"Shekara talatin ina aikin nas, ban taɓa ba wani maganin wani ba. Yau kai za ka koya mini shan ƙwaya?"

Washegari surukarta ta sayo mata wata 'yar roba mai gida bakwai, kowane gida da sunan rana, ta durƙusa tana yi mata bayani a hankali kamar mai lallashin jariri. Kaka ta karɓa ta yi godiya, takaici kamar ya kashe ta.

Tun da an mai da ita mai ruɗewa, sai ta ja bakinta ta buɗe ido. Nan ta fara lura da jikanta Dogo, ɗan shekara goma sha shida, wanda take tsokana da angonta. Da can ba ya wuce ƙofarta sai ya ce ta tsufa, zai sake ta ya samo yarinya. Yanzu ko gaisuwa sai an roƙa. Ya daina zuwa ƙwallo, takalman suna can bayan ƙofa gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Yana cikin cin abinci sai ya hau gyangyaɗi. An aiko daga makaranta sau biyu, uban ya ce ƙuruciya ce, shi ma ya yi. Amma yaron da ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, sai ga shi kullum da tsintsiya wai zai share wa Kaka ɗaki. Uwar har yabonsa take yi.

Ranar wata Asabar bayan abincin rana Kaka ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya, ta ajiye madubinta jingine da bango yadda za ta riƙa hango durowa. Ba a jima ba Dogo ya shigo da tsintsiyarsa. Ya yi shara biyu, ya miƙa hannu kan durowa.

"Angona, ta Talata ka ɗauka ko ta Laraba?"

Ya daskare. Ya ce gyara robar yake yi. Ya ce wani abokinsa zai kai wa ƙwayar. Da ta tashi zaune ta kama hannunsa, ta ji shi sanyi ƙalau yana rawa, ƙarya ta ƙare masa. Ya ce tun da ya gurɗe a filin ƙwallo ya sha guda ɗaya, ya ji duniya ta yi masa shiru. Yanzu in bai sha ba jikinsa ciwo yake yi, hanci na zuba. In nata ya ƙare, akwai mai ba su a bayan makaranta.

Kaka ta tara iyayen a falo ta faɗa musu. Uban ya zabura ya zaro wayar wuta daga jakar aikinsa. Uwar ta ruga ta rufe taga.

"Don Allah ku yi a hankali, kada maƙwabta su ji."

"Yau zan cire masa ita daga jiki," in ji uban. "In kulle shi sati guda, ya daina."

Kaka ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Wata uku tana magana ana ce mata girma ne, yanzu kuma ɗaya na neman abin duka, ɗaya na gadin taga.

"Ajiye wayar nan, ba fanka ba ce da za ka buga ta tashi. In rashin kunya ce kawai, da ni zan miƙa maka bulala. Yaro ya bar abin da yake so, ya bar karatu, yana sata yana ƙarya, jikinsa na rawa in bai sha ba. Wannan ya wuce faɗan gida. Ka kulle shi, ka san abin da zai same shi a ɗakin? Likita za mu gani."

"Inna, a ce ɗana yana zuwa wurin 'yan ƙwaya?"

"Ɗanka ɗan ƙwaya ne tun wata uku, labari ne bai iso ka ba."

Ranar Litinin ita ta shige gaba zuwa asibiti, tana dogara sanda, Dogo yana biye fuska a murtuke. Uwar ta bi su da mayafi har kan hanci. Uban ya ce yana da aiki, amma suna kan benci suna jiran layi sai ga shi da jakar kayan aikinsa, ya zauna can ƙarshe bai kalli kowa ba. Da likitar ta tambaye shi su wane ne abokan ɗansa, ya ce bai san ko ɗaya ba.

An yi wata biyar ana zuwa duk Laraba. Sau ɗaya Dogo ya koma wa ƙwayar, aka sake farawa. Sannu a hankali nama ya dawo masa, gyangyaɗin ya tafi. Sai dai bakin nan nasa ya dawo da ƙarfinsa: a ce ya rage kiɗa ya yi tsaki, a aike shi ya ce yana zuwa har rana ta faɗi. Kaka ta gaji ta kai wa likitar ƙara, ta ce a duba, ko da sauran abin a jikinsa.

Likitar ta yi dariya ta rufe fayil. "Mama, wannan kam shekara sha shida ce. Ba mu da maganinta, sai haƙuri."

Kaka ta ja tsaki, ta ce wa Dogo ya miƙo mata sandarta. Sai da ta faɗa sau uku.