Zakanya a Tarkon Ƙarfe

Maƙeri yana cikin gyaran wata garma sai taubashinsa, mai aikin gadin gandun daji, ya faɗo rumfar yana haki.

"Bawana, ɗauko zarton ƙarfe ka biyo ni. Akwai abin da za ka yanke mana."

"Bawan wa? Kai da ko akuya ba ka ajiye ba?" Maƙeri ya ɗauko zarton yana dariya, ya shiga motar taubashin. Sai da suka bar kwalta suka nausa cikin dogayen ciyayi sannan ya tambayi ko wane irin ƙarfe ne.

"Tarko. Ɓarayin namun daji suka ɗana, ya kama zakanya a ƙafa. Ya yi tsatsa, ya ƙi buɗuwa."

Maƙeri ya kama murfin motar. "Tsaya in sauka."

"Bismillah. Amma 'yan'uwanta suna nan kusa."

Suka same ta kwance a gindin wata bishiya, an rufe mata ido da tsumma. Warin rauni ya cika wurin, ƙudaje sai bin ƙafar suke yi. Likitar dabbobi tana durƙushe kusa da kanta.

"Baba, ka hanzarta don Allah," ta ce a hankali. "Allurar barcin da na yi mata kaɗan ce. Ta galabaita, in na ƙara za ta iya mutuwa. Ga shi shayarwa take yi."

Maƙeri ya durƙusa. Dagin zakanyar ya kai faɗin fuskarsa. Yana ganin haƙarƙarinta na hawa da sauka, hucinta na dukan hannunsa. Ya ɗora zarto, ya zame. Ya sake ɗorawa. Ƙarar ƙarfen ta cika dajin, shi kuwa ji yake kamar da hannunsa yake tashin ta.

Ya ci rabin ƙarfen ke nan sai wutsiyar ta motsa.

"Ta motsa!"

"Ci gaba, kar ka duba," in ji likita.

Gumi ya shiga idonsa, bai iya sharewa ba. Duk addu'ar da ya kama sai ta kuɓuce masa a tsakiya. Can cikin ciyawa wani ɗan siririn kuka ya taso, kukan 'ya'yanta. Kunnen zakanyar ya miƙe. Wani gurnani ya fito daga ƙirjinta, maƙeri ya ji shi har cikin hanjinsa. A bayansa ya ji taubashi ya saita bindiga.

"Kar ka harba!" likita ta ce. "Baba, saura kaɗan."

Maƙeri ya runtse ido ya ja zarton iya ƙarfinsa. Ƙarfen ya ɓalle, tarkon ya buɗe. Likita ta watsa magani a raunin, ta fizge tsumman. Taubashi ya cafki wuyan rigar maƙeri ya ja shi da baya har cikin mota, likita na biye da su.

Zakanyar ta miƙe da ƙafa uku tana tangaɗi. Ta juyo ta kafe maƙeri da rawayen idanunta ta cikin gilashin motar. Sannan ta ɗingisa ta shige ciyawa.

A hanya ba wanda ya tsokani wani. Da ya isa gida uwargida ta miƙo masa ruwa, rabi ya zube a rigarsa.

Bayan kaka taubashi ya leƙo rumfa. "Mutuniyarka ta warke, har 'ya'yan sun tasa. Zo mu je ka gani."

Maƙeri bai ɗago kai ba. "Ka gaishe ta," ya ce.