Hatimin Malama Fadila

Alhaji Dabo ya buga takardar a kan tebur har kofin ruwan mai makaranta ya yi tsalle.

"Hatimi ne! Ni za a hwaɗa ma hatimi? Kakana malami ne!"

Iyaye sun cika ajin da ake taro a 'yar makarantar nan ta Kambarawa. Alhaji Dabo, dillalin hatsi kuma shugaban ƙungiyar iyaye, ya ɗaga takardar yana juyawa da ita kamar ya kama ɓarawo. Zane ne mai gida-gida, da lambobi nan da can, wasu manya, wasu ƙanana da fensir a kusurwa.

"Ƙarƙashin filon ɗiyata Rahama na tsinto shi. Yarinya ta bar kallo, ta bar wasa. Sai dai ka iske ta zaune tana magana ita ɗaya: ba biyu ba, ba shida ba. Wanga ba asiri ba ne?"

Malama Fadila, malamar lissafi, tana tsaye jikin allo. Tun da safe Hajiya Mairo, mai makarantar, ta kira ta ofis ta faɗa mata ba kwana-kwana: 'ya'yan Alhaji da na ƙannensa sun kusa cika aji guda, in ya fita daga taron nan da fushi, Fadila ta kwashe littattafanta ta bi bayansa.

"Ranka ya daɗe, wasan lissafi ne," in ji Fadila. "Sudoku ake ce masa."

"Su duka?" Ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Da bakinta ta ce su duka za ta yi mawa!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara salati. Hajiya Mairo ta duƙar da kai tana gyaran zobe. Ita ce fa ta yaba wasan da farko, har ta ce a ɗauki hoton yara a sa a allon talla. Yau ko kallon inda Fadila take ba ta yi.

Fadila ta nuna allo, inda ta riga ta kwafe zanen da alli.

"Gida tara ne, kowane gida ɗaki tara. Lamba daga ɗaya zuwa tara ake sakawa. Doka ɗaya ce: lamba ba ta zama sau biyu a layin kwance, ko a layin tsaye, ko a cikin gida ɗaya."

"To wa ke gaya ma yaran abin da za su sa? In ba duba ba ne, caca ce. Zaɓi ɗaya."

"Alhaji ya zo ya gwada mana." Ta miƙa masa alli.

Ya so ya ƙi. Amma ido ya yi yawa, kuma mutumin da ke taƙamar yana lissafa tirelar masara a ka ba zai ce yana tsoron allo ba. Ya tattare babbar riga, ya karɓi allin da yatsa biyu kamar an ba shi kunama. Ta nuna masa wani ɗaki da babu komai a tsakiya. Ko duba gefe bai yi ba, ya zabga biyar.

"Ga shi nan. Abin da aka hana ɗiyata barci a kai ke nan?"

Daga baya wata murya ta taso. Madam Esther ce, nas, wadda ɗanta ke aji ɗaya da Rahama.

"Alhaji, ga wata biyar can a gidan, tana kallonka ido cikin ido."

Dariya ta ɓarke daga layin mata. Alhaji ya murtuke fuska. Fadila ta ji daɗin abin har cikin ranta. Kalma ɗaya za ta ƙara, a yi ta ba da labarinsa daga nan har kasuwar hatsi. Sai ta hangi Hajiya Mairo ta ɗago kai, ta zuba mata ido.

Ta haɗiye kalmar.

"Gwada mu Alhaji ya yi," ta ce da murmushi. "So yake ya ga ko iyaye na bin bayani. Ai ya nuna mana cewa cinke ba ya aiki a nan."

"Awo," in ji shi da sauri. "Abin da nike nuhi ke nan."

Ta goge biyar ɗin, ta jera lambobi daga ɗaya zuwa tara a gefen allo.

"Ba a tambayar wace ce za ta shiga, ranka ya daɗe. Waɗanda ba za su shiga ba ake kora. Me ke layin kwancen nan?"

Ya matso da fuska. "Ɗaya. Huɗu. Tara."

"A kore su."

Ya soke su da ƙarfi har allin ya karye.

"Layin tsaye fa?"

"Biyu, shida, takwas." Bai jira ta ba, ya soke.

"Cikin gidan?"

"Uku. Da biyar ɗin Madam." Ya harari baya, ya soke su. Sai ya tsaya. Lamba ɗaya ce ta rage a tsaye a gefen allo. Ya dube ta, ya dubi ɗakin, ya sake bin layukan da yatsa ko an yi masa coge.

"Bakwai!" Ya daka tsawa kamar ya gano rijiyar mai. "Bakwai ce, wallahi! Babu inda za ta!"

Fadila ta kai hannu za ta karɓi allin, ya janye.

"Dakata, Malama. Gidan ga na ƙasa ba shi da huɗu."

Ɗaki uku ne babu komai a gidan. Biyu suna kan layin da huɗu ta riga ta zauna. Ta buɗe baki za ta nuna masa, ya ɗaga mata hannu. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya, ya ce a'a. Ya ɗora a kan na biyu, ya yi tsaki. Ya dangwala huɗu a na uku, ya juyo yana haki, hula ta karkace, farin alli har gemu.

"Jama'a," ya ce, "ni dama na san ba hatimi ba ne. Hatimi da ajami ake yin shi, kowa ya sani. Mata ne cikin gida suka ɗaga mani hankali da surutu. Na kawo maganar nan ne don a wayar da kan waɗanda ba su gane ba."

Waɗanda suka yi salati ɗazu su ne suka fara tafi. Madam Esther ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Kuma a matsayina na shugaba," ya ci gaba, "ban yarda a ware aji ɗaya ba. Kowane aji a koya masu."

Hajiya Mairo ta miƙe fuska cike da haske, ta dafa kafaɗar Fadila kamar 'yar cikinta.

"Ai ni na ce mata ta fara, Alhaji. Malama, kin ji umarnin shugaba. Ki haɗa da Asabar, tunda ranakun mako sun cika."

"To, Hajiya," in ji Fadila. Aikinta dai ya tsira, hutunta ne ya tafi.

Iyaye suka fara fita. Alhaji Dabo bai motsa daga gaban allo ba. Yanzu ya daina soke komai, ya ce ya riga ya gane kan abin, cika ɗakuna kawai yake yi. Fadila ta ga ya rubuta takwas a layin sama, ga wata takwas ɗin ɗaki biyu tsakani. Hajiya Mairo ma ta gani.

"Masha Allah, Alhaji," in ji Hajiya. "Kai dai kanka na ja."

Fadila ta kakkaɓe allin hannunta, ta rataya jaka, ta yi masu sallama.