Haske a Lungun Abbaganaram

Susanna Obadiah malamar firamare ce a unguwar Fezzan, amma mutanen layinsu sun fi saninta da kyamarar da take ratayawa a wuya ranar Asabar. 'Yar Biu ce, aiki ya kawo mahaifinta Maiduguri tun tana goye, a nan ta tashi. Ba ta da shagon hoto, ba ta kuma yarda da hasken lantarki a sana'arta. Ita da rana suke aiki. A wayarta akwai wata manhaja mai taswirar gari. In ta ɗora yatsa a kan wuri, sai layuka su miƙe daga nan, wani ya nuna inda rana za ta ɓullo, wani inda za ta faɗi, ko yau ko wata rana can gaba cikin shekara. In an zo neman hoto, takan duba wayar tukuna ta ce, "Ku dawo jibi, kafin hantsi ya yi zafi." Wasu su yi tsaki su nufi wani wuri. Waɗanda suka yi haƙuri kuwa ba sa ƙara zuwa ko'ina.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Maman Chigozie. Sunanta na yanka Felicitas, amma ba mai kiranta da shi sai mijinta, Baba Chukwuma. Tun suna da ƙuruciya suka zo daga ƙasar Ibo, suka buɗe shagon zannuwan gado a kasuwa, suka tsufa a Maiduguri har Hausarsu ta ɗauki karin Barebari. Shekarar da ambaliya ta shigo gari, ruwa ya kwana a ɗakinsu kwana da kwanaki. Da ya janye suka buɗe akwati, suka tarar hotunansu duk sun manne, fuskoki sun narke sun koma launi kawai. Ba a daɗe ba Baba Chukwuma ya faɗi a bakin shago, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi daga jinya yana dogara sanda, bakinsa ya karkace, idon hagu ya saki. Daga nan ya daina fita. Ko coci ba ya zuwa.

Wata yamma ta bazara, zafi ya hana kowa zaman ɗaki, Maman Chigozie ta shigo ta zauna a tabarmar Susanna a gindin bishiyar maina.

"Malama 'yata, hoto nake so. Ni da Babanku."

"To Mama, ai ba wuya. Tsakar gidanku ma ya isa."

"A'a. Akwai wurin da nake so."

Ta ba ta labari tana fifita da gefen zane. Lokacin da aka kawo ta amarya, ɗaki guda suka kama a wani lungu a unguwar Abbaganaram. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Kanuri, zafin garin ya dafa ta, kullum kuka take a mayar da ita gida. Rannan aka yi ruwan farko. Da ruwan ya ɗauke, sai ta fito ta zauna a dakalin ƙofar gida, ƙasa na ƙamshi. Sai ga rana ta shigo lungun tun daga bakinsa har ƙurya, abin da ba ta taɓa gani ba, katangu suka koma kamar an shafe su da zuma. Cikin wannan haske mijinta ya ɓullo a kan keke, rigarsa jiƙe, yana dariya shi kaɗai.

"Ranar na daina kukan gida," in ji ta. "Na koma lungun ba sau ɗaya ba, ban sake ganin rana ta shiga haka ba. Har na fara cewa ko mafarki na yi."

Susanna ta ɗauko waya. Suka bi taswira tare, layi layi, har tsohuwar ta gane wurin da wani masallaci da ke kusurwa. Lungu ne siriri, bakinsa ya kalli yamma amma ya ɗan karkata arewa. Susanna ta dasa alama a tsakiyarsa, ta fara jan kwanakin shekara da yatsa. Layin faɗuwar rana ya riƙa tafiya a hankali bisa rufin gidaje, yana gogar wannan katanga, yana wuce waccan, kamar hannun da ke laluben ƙofa. Da ta kai farkon damina sai ya kwanta sambal cikin lungun.

"Mama, ba mafarki kika yi ba. Tana shiga. 'Yan kwanaki ne kawai a shekara, kuma ba ta daɗewa. Kafin a shanye kofin shayi ta wuce."

Maman Chigozie ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallon ɗan layin nan mai ruwan lemo.

Saura Baba Chukwuma. Da Susanna ta shiga gaishe shi, yana zaune a kusurwar falo ya ba taga baya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna fuskarsa.

"Wannan za ki ɗauka?" Maganar tana fita da nauyi. "Ki bar jikokina da fuskar da suka sani."

Ba ta yi masa gardama ba. Ta jawo kujera kusa, ta nuna masa yadda layin ke yawo in an ja kwanaki. Ɗan kasuwa ne, yana son abin da ke da ƙa'ida. Ya sa yatsa ya ja da kansa, gaba da baya.

"Wato rana ma tana da lokacin buɗe shago."

"Tana da shi, Baba. Kuma ta gefe ɗaya take zuwa." Ta nuna masa katangar arewa ta lungun a taswirar. "In ka zauna nan, haske zai faɗo a damanka. Hagun zai shiga inuwa. Wanda ya kalli hoton, dama kawai zai gani."

Ya mayar mata da wayar. Can ya ce, "A goge mini farar rigar."

Sai jira. Susanna ta je lungun sau da yawa bayan an tashi makaranta. Har yanzu ana ganin zanen da ruwa ya bari a jikin bango, daidai ƙirjin mutum. Gidan da suka zauna yana nan, yanzu a hannun 'yar mai gidan, Ya Ammatullahi, wadda take yarinya lokacin da baƙin suka zo. Da ta ji sunansu ta dafa ƙirji, ta ce ita ce fa ta koya wa amaryar ƙirga da Kanuri. Susanna takan tsaya tsakiyar lungun ta ɗaga waya sama, manhajar ta zana mata hanyar rana a kan sararin da take gani, ɗigo ɗigo har bakin lungu. Kowane zuwa sai ta ga hanyar ta matso kaɗan. Ta roƙi aron benci, ta auna inda za a ajiye shi a jikin katangar arewa. Abu ɗaya ta lura da shi, ta yi shiru a kai: dakalin gidan, wanda amaryar ta zauna, a ɗaya gefen yake.

Cikin makonnin nan ta kama kanta tana kallon komai daban. A aji, in yara suna kwafar rubutu, idonta yana kan hasken da ke rarrafe daga taga zuwa ƙafar allo. Ta fara jin kamar garin gaba ɗaya ɗaki ne da wata baƙuwa ke zagayawa, ta leƙa nan yau, gobe ta leƙa can, akwai kuma ƙofofin da sai shekara take ƙwanƙwasa su.

Ranar da ta zaɓa ta zo da hadari. Bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kaɗa mainoni, ruwa ya sauka da ƙarfi, ya ɗauke wajen la'asar. Amma sama ba ta buɗe ba. Susanna ta duba hasashen gajimare a wayar, ya nuna yamma za ta ɗan yaye can ƙasa ƙasa. Ta san wannan ba alkawari ba ne. Inda rana za ta tsaya, manhajar ba ta kuskure. Ko za a gan ta, wannan kuma sai yadda Allah ya yi.

"Mu tafi," in ji Maman Chigozie. Ta riga ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci.

A keke napep suka je, Baba Chukwuma a tsakiya, kansa sunkuye duk hanya. Ya Ammatullahi na jiransu a ƙofa cikin laffaya shuɗiya, ƙamshin turaren wuta na biye da ita, ta tarbe su da gaisuwar Kanuri.

"Wushe, wushe! Lale da baƙin da ba baƙi ba!"

Matan biyu suka rungume juna suna magana lokaci guda, Hausa da Kanuri a haɗe. Ta russuna ta gaida Baba Chukwuma, ba ta kawar da kai daga fuskarsa ba, ba ta kuma ƙura masa ido ba. Susanna ta zaunar da shi a benci, ta gyara masa wuyan riga, ta ja baya ta saita kyamara. Lungun ya yi toka toka, indararo na ɗiga, ruwa ya kwanta a tsakiya. Ta duba waya. Lokacin ya kusa.

"Mama, zo ki zauna kusa da Baba."

Maman Chigozie ba ta ji ba, ko kuwa ta ji. Ta tsallake ruwan ta je ta zauna a kan dakali, ta shafa simintin da tafin hannu.

"Nan ne," ta ce. "Can ai bayan gidan mutane ne. Nan ne ƙofarmu."

Susanna ta buɗe baki za ta yi bayani, sai gajimaren ya tsage daga ƙasa.

Hasken bai faɗo daga sama ba, tafiya ya yi. Ya shigo ta bakin lungu a kwance, ya taɓa ruwan da ke ƙasa ya kunna shi, ya hau katangu biyu, ya bi ƙofa ƙofa har ƙurya. Tururi siriri ya fara tashi daga bango. Kowane ɗigo da ke faɗowa daga indararo sai ya yi ja kafin ya kai ƙasa. Hayaƙin turaren da ke fitowa daga zaure ya tsaya a iska kamar an shanya mayafi. Wata akuya da ke tafe ta tsaya cak, gashinta ya zama zinariya. Susanna ta san kwana, ta san kusurwa, ta yi makonni tana kallon layin a waya, amma ba ta yi tsammanin abin zai kai haka ba.

Ga miji a wannan gefe, ga mata a wancan, haske na gudana tsakaninsu. Maman Chigozie ba ta kira shi ba, ta dai ɗora hannu a gefen da babu kowa a dakalin.

Baba Chukwuma ya kalli Susanna. Ya san abin da ke can: in ya zauna a dakalin, hagunsa ne zai fuskanci rana. Ta sauke kyamarar kaɗan, ta bar masa zaɓi. Inuwar katanga ta riga ta fara cin gefen hanya.

Ya kafa sanda. Ya miƙe da ƙyar, ya jawo ƙafar hagu, ya shiga ruwan da takalminsa na fita. Ya Ammatullahi ta yunƙura za ta kama shi, ya girgiza kai. Yana tsakiyar lungun hasken ya cika farar rigar, har aka daina ganin inda rigar ta ƙare. Susanna ta danna, ta sake dannawa, ba ta ma duba ko ya fito ba. Ya kai dakalin ya zauna da nishi. Rana ta sauka a kan idon da ya saki da leɓen da ya karkace, ta bi kowane layi na fuskar ba ta bar ko ɗaya ba. Matarsa ta sa bakin gyale ta share masa gefen baki. Ya faɗi wata magana da Ibo, can ƙasa, ta kwashe da dariya har ta jingina kai a kafaɗarsa.

"Malama," ya ce, "ki ɗauka mana kafin ta rufe."

Ta ɗauka. Ta durƙusa cikin ruwa ta ɗauka, ta miƙe ta ɗauka, har zumar ta koma ja, jan ya haye saman katanga, ya tsaya ɗan lokaci a kan wayar lantarki, ya tafi. Ladan ya gyara murya a masallacin kusurwa.

Ya Ammatullahi ta ƙi barinsu su tafi sai sun sha shayi. Da suka shiga keke yayyafi ya dawo. Maman Chigozie ta yi barci tun kafin su fita unguwar, ɗankwalinta ya zame. Baba Chukwuma ya karɓi kyamarar ya ɗora a cinya, Susanna tana matsa masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. A kan na dakalin ya tsaya, ya daɗe. Ya kai yatsa ya taɓa fuskarsa a ɗan gilashin, sannan ya taɓa ta gaske.

"Haka nake ke nan," ya ce.

"Haka kake, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To. Ba laifi."

Hannun bai warke ba, maganar ma ba ta saki ba. Amma ranar Lahadi mai zuwa Susanna ta hango shi a bencin baya a coci, sanda tsakanin gwiwoyi, yana bin waƙa da rabin baki. Hotuna biyu ta wanke musu. Na dakalin Maman Chigozie ta ɗauke, ta ce a kafa shi sama sosai, kusa da silin. Ɗayan, wanda yake tsallaka lungun, bai fito sosai ba, mutumin ciki kamar zai narke cikin haske. Ta so ta ɓoye shi don kunya. Baba Chukwuma ya ce shi yake so, ya sa aka jingina masa shi a kan tebur kusa da rediyo.