Mai Ƙwanƙwasa Cuku

A garinmu mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa zalla, ba ya tsoron masu kujerun gaba. Waɗannan nuna sarƙa da agogo ya kawo su, ko akuya ka ɗora a dandamali za su tafa mata. Abin tsoro yana can benen ƙarshe da ke manne da rufi, inda mahauta da teloli da direbobin bas ke tsayawa awa uku a kan ƙafafunsu, kowannensu ya haddace waƙoƙin tun yana goye. 'Yan sama muke ce musu. In suka sa yatsa a baki suka yi maka fito, to ka fara haɗa kayanka.

Babbansu shi ne Ermete Bertolazzi, wanda sana'arsa ƙwanƙwasa cuku. Yakan bi manyan curin cuku a rumbu da 'yar gudumarsa, ya buga, ya kasa kunne, ya faɗi wanda ya nuna lafiya da wanda ya tsage ta ciki, ba tare da an sa wuƙa ba. Da wannan kunnen yake zuwa gidan wasa.

Ornella Cavazzoni ta san shi sarai, don ta ɗanɗana. 'Yar Nives mai wanki da guga ce, Allah ya ba ta siririyar murya mai hawa sama ba tare da wahala ba. Tana shekara ashirin da huɗu ta fara fitowa, ta ɗauki waƙar da ta fi ƙarfin maƙogwaronta. Tana cikin kokawa da ita sai muryar Ermete ta sauko daga rufi: "'Yar Nives, kayan nan ya fi ƙarfin wuyanki! Je ki ƙara cin abinci!" Gida ya fashe da dariya. Mako guda ta yi tana kuka, ta rantse ba ita ba gaishe shi. Amma ta ajiye waƙar har shekara shida, sai da muryar ta yi ƙwari. Daga nan fa sai Milan, sai Vienna, sai ƙetaren teku, har hotonta ya shiga shagon kowane wanzami a garin.

Yanzu shekararta hamsin da uku. Gidan wasan garin ya nemi ta buɗe wasannin bana, ta fito a matsayin budurwa mai waƙar da ke ƙarewa can ƙololuwa, kuma ranar Juma'a ake jiran amsarta. Matsalar ita ce tun bara take jin wani abu a can saman muryar, kamar zare ya fara sakewa a ɗinki. Mijinta ya ce ba komai. Mai kaɗa mata piyano ya ce abin sai wanda ya ji. Wakilinta kuwa cewa ya yi ta fi lokacin da take talatin. Duk a inuwar muryar suke cin abinci, me za su ce? Sai dai bara sau shida ta fito a garin, 'yan sama suka tafa mata duk shidan, su da ba su san kara ba. To ko tsoro ne kawai ke mata wasa da hankali? In ta janye alhali muryar lafiya lau, ta jefar da abin da ta fi so a duniya. In ta fito ta tsage a gaban mutanen garinsu, da wannan za a riƙa tuna ta.

Ranar Laraba da hantsi ta tuƙa motarta zuwa rumbun cuku. Ta same shi tsakanin kantoci masu tsawo, ya tsufa ya ranƙwafa, yana ta buga gudumarsa.

"Oho! Yau manya ne a rumbunmu," in ji Ermete. "Uwargida Sinyora hanya ta ɓace mata, ko cuku ne ya ƙare a Vienna?"

"Har yanzu bakin nan bai mutu ba, tsoho."

"Shi kaɗai ya rage. Gwiwoyi sun tafi, haƙora sun bi su."

"Kunnen fa?"

Ya daina bugawa, ya ɗago ya dube ta.

"Zuwa na yi ka ƙwanƙwasa ni," ta ce. "Kowa ƙarya yake mini. Kai kuwa ko an biya ka ba ka iya ba."

Ya je ya tura ƙofa, ya kifa bokiti ya zauna, ya juya mata baya. Ornella ta gyara tsayuwa. Ta ja numfashi ta fara, ba kiɗa ba komai, sai warin cuku. Muryar ta cika rumbun, ta hau, ta hau, ta kai ƙololuwa ta riƙe.

"Sake, daga wurin hawan," ya ce, bai waiwayo ba.

Ta sake. Da ta gama ya juyo.

"Ƙasan muryar da tsakiyarta sun nuna, ban taɓa jin ki da daɗi haka ba. Amma sama akwai tsaga. Ƙarama ce, sai dai irin mai tafiya ce. Wasan farko za ki sha, na biyu wataƙila. Na uku ba za ki kai ba."

Ta san haka zai ce, amma duk da haka sai ta yi masa gardama.

"Amma bara kun tafa mini! Sau shida, Ermete!"

Tsohon ya sosa ƙeya, ya kawar da kai kamar an kama shi da sata.

"A wasa na biyu na ji tsagar. Ba ni kaɗai ba, duk wanda ke sama ya ji. Da aka tafi hutun rabin wasa na ce musu wanda ya kuskura ya sa yatsa a baki, da hannuna zan wurgo shi kan masu sarƙa. Ashe ma ɓata yawuna na yi, ba mai niyya. Shekara ashirin da wani abu kina ciyar da mu mai kyau, 'yar Nives. Muka ce wannan karon mu za mu ɗauke miki. Amma sau ɗaya ake irin wannan. Bana ba zan iya riƙe su ba, ni kaina ban yarda da yatsuna ba."

Kunya ce ta fara kama ta, har kunnuwanta suka yi zafi. Sai kuma wani abu ya ture kunyar. Mutum ɗari biyu masu bakin da ya fi na kowa kaifi a ƙasar nan sun riƙe mata sirri shekara guda cur. Har da mahaucin da ke yanka mata nama kowace Asabar, yana tambayarta lafiyar karenta. Ta sha karɓar furanni da lambobin yabo, amma ba a taɓa yi mata alheri irin wannan ba. Ta zauna a gefen kantar cuku ta yi kuka, na godiya, ba ta ɓoye fuska ba.

"Kai, kada ki jiƙa mini kaya, gishirinsa ya isa," in ji Ermete. "Akwai matsayin uwa a wasan nan, waƙoƙinsa duk a tsakiyar murya suke. Shekara goma za ki yi kina yinsa ba mai taɓa ki."

"In fito da furfurar ƙarya ke nan?"

"Ta gaskiyar ma ta kusa."

Ta yi dariya tana share ido. "Ba bana ba. Bana zan ce su nemi yarinya, ni kuma sama zan hau. Ban taɓa ganin fuskokinsu a can sama ba, ka sani? Ina so in gode musu ɗaya bayan ɗaya."

"Ki rufa mini asiri! In suka ji na faɗa miki, da raina za su binne ni."

"To ya zan yi?"

"Matakala ɗari da goma sha biyu ce, babu kujera, kuma layi za ki bi kamar kowa." Ya miƙe da ƙyar, yana dafe da gwiwa. "Ki zo ki tsaya tare da mu kawai, kada ki ce komai. Ba kurame ba ne, za su ji."