Baduku a Ɗakin Tiyata

Baduku miskili ne na bugawa a jarida. Ka kawo masa takalmi, ya jujjuya shi, ya nuna maka benci da haɓa, shi ke nan an gama hira. Matarsa ma ta daɗe da haƙura.

Wata safiya basilla ta suɓuce daga hannunsa na dama, harshensa ya yi nauyi, can kuma abin ya sake shi. A asibiti likita ta ce kitse ya kusa toshe jijiyar hagun wuyansa, mai kai jini ƙwaƙwalwa. In ba a buɗe an kankare ba, shanyewar ɓarin jiki na tafe. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don hannun nan shi ne abincinsa.

"Idonka biyu za mu yi aikin, Baba, wurin kawai za mu kashe," in ji likita. "Idan mun matse jijiyar, ka yi ta magana. Da ka yi shiru za mu ɗauka ƙwaƙwalwa ta rasa jini."

Matar ta dafe ƙirji. "Wannan? Ai kin haɗu da aiki, 'yata."

Haka kuwa aka yi. Ana matse jijiya, nas ɗin da ke zaune wajen kansa ya tambaye shi iyali. Ya ce lafiya. Ya kasuwa? Ya ce uhm. Daga nan ɗif. Likita ta tsayar da hannu, gaban kowa ya faɗi. Ciwon ne, ko halin?

Nas ya sunkuyo. "Baba, ni fa na daina kai takalmi ɗinki. Gam nake lafta masa, ya ma fi ƙarko."

To, an taɓo gidan rina.

"Gam?" in ji Baduku. "Kai yaro, wa ya cuce ka?"

Ya shiga zazzaga: yadda ruwa ke ɗaye gam, yadda ake jiƙa fata, ragwancin masu gyaran zamani. Duk sanda ya lafa, nas ya sake tsokano shi. Likita na murmushi ta kankare kitsen tas, ta ɗinke, jini ya wuce abinsa, shi kuwa bai kai aya ba.

Da aka turo shi waje, matar ta taso ta tarye shi. Ya miƙa hannun daman, ya kama nata ya matse, har ta ce wash.

"Kin ji ƙarfi?" ya ce.

Ta ji. Ta fashe da kukan murna, ba ta kuma ce ya sake ta ba.